Baiti Huɗu na Farko

Ƙarfe biyun dare a Talaje,
fanka na juya zafi, ba ta rage komai ba,
ni da kwamfuta da ragowar kopto a kwano.
Balkisa ta kawo mini fayil dubu uku
a tsohon faifan ofishinsu,
ta ce, "Tantance mini su kafin Litinin.
Wanda ya harhaɗa su ya koma Agadas,
bai bar takarda ba, ba ya ɗaukar waya."

Ba rubutun da ido zai bi ba ne.
An riga an surfa, an daka, an tankaɗe,
maganar mutum ta koma garin lamba
wanda inji kaɗai ke iya tuƙawa.
Gero in ya zama gari,
wa zai ce daga gonar wa ya fito?

Sai na kira laburaren da wasu suka gina,
mutanen da ban taɓa jin muryarsu ba,
suka bar mini makullai uku a zare ɗaya:
buɗe, tambaya, rufe.

Buɗewa ba sani ba ce.
Baƙo ne ya yi sallama da magariba,
aka ce shigo, aka ba shi hannu,
ba a ga fuskarsa ba tukuna.

Kawu Tsahiru na da magaza a Tawa,
shekara talatin yana karɓar buhunan albasa.
Bai taɓa yarda da sunan da aka ja da gawayi ba.
Bakin buhu yake shafawa, ya ce,
"Wannan ɗinkin ƴan Galmi ne,
wancan na Tamaske, ko me aka rubuta a kai."
Halin laburaren ke nan.
Sunan fayil ba ya ruɗinsa.
Baiti huɗu na farko yake dubawa
(baiti muke ce musu, ko da ba waƙa ba ce),
ya ce wannan na inji kaza aka dafa,
wancan kuwa jaka ce, da ƴaƴa a cikinta,
a zaro su ɗaya bayan ɗaya.

Wani ya zo, ya gagara.
Laburaren ya ce, "Ya yi kama da gida biyu,
ba zan rantse a kan ko ɗaya ba."
Duk cikin amsoshin daren
ita ta fi kwanta mini a rai.
Na ware shi gefe.

A na dubu da ashirin da biyu komai ya tsaya cak.
Allo ya ce ƙofofi sun yi yawa a buɗe.
Na zargi faifan,
na zargi zafi,
na zagi mutumin Agadas har da kakansa.
Na ɗora shayi, na dawo da ƙaramin kai.
Layi na arba'in da bakwai, ga ni nan:
na buɗe, na tambaya, na samu amsa,
na wuce da murnata.
Baƙi dubu tsaye a zaure,
kowa na riƙe da hannun da na ba shi,
ba wanda na sallama.

Bayan isha'i Kawu kan zagaya da tocila,
ya ja kowane kwaɗo sau biyu.
Mu yara muna bayansa muna kwaikwayon tafiyarsa.

Layi guda na ƙara.
Gajere ne, bai kai tsawon sunana ba.
Suka fara wucewa,
kowa ya faɗi asalinsa, a ja ƙofa a bayansa.

Da ladan ya gyara murya na rubuta wa Balkisa:
"Duka sun faɗi gidansu, ban da ɗaya.
Shi kam sai an sami mai shi."

Na tashi in yi alwala,
na tarar da ƙofar gida a buɗe tun jiya,
akuyar maƙwabta na cin zogalen inna.